Masu Gadin Ƙwaƙwalwa

Wata rana da bazara, bayan an tashi daga lakwal, wani yaro ɗan aji huɗu ya hau iccen mangwaro. Reshe ya karye da shi. Ya faɗo, kansa ya bugi ƙasa. Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya tashi yana kaɗe riga. Babu jini, sai ɗan ƙullutu a goshi. Abokansa suka yi dariya, shi ma ya yi dariya, kowa ya tafi gida.

Da dare yaron ya ƙi cin tuwo. Ya ce kansa yana ciwo. Ya yi amai sau uku. Barci yake ta yi, da ƙyar ake tada shi. Yayarsa ta ga faɗuwar, sai ta gaya ma uwarsu. Ba su jira gari ya waye ba, suka kai shi asibiti. Ya yi kwana biyar a can kafin a sallame shi.

To, yara, ga abin tambaya. Da rana ya faɗi, ya tashi garau. Me ya sa ciwon bai taso ba sai da dare? Me yake faruwa cikin kansa duk wannan lokaci? Don mu gane, sai mu leƙa cikin kai.

Ƙwaƙwalwa da gidanta

Ƙwaƙwalwa ita ce shugabar jiki. Da ita muke gani, da ita muke ji, da ita muke magana da lissafi da tuna abin da ya wuce. Ta babban mutum ta kai nauyin kilo 1 da giram 300 ko 400. Tana da taushi ƙwarai, kamar awara tun ba a soya ta ba.

Abu mai taushi haka yana bukatar kariya. Kariya ta farko ita ce ƙoƙon kai, ƙashi ne mai ƙarfi. Ƙarƙashinsa akwai tantani guda 3 da suka naɗe ƙwaƙwalwa. Kun san ciwon sanƙarau, wanda yakan zo da rani. Waɗannan tantani ne yake kamawa. Tsakaninsu akwai wani ruwa garau. Cikinsa ƙwaƙwalwa take zaune, kamar ɗan ƙwarya a bisa ruwan tulu.

Akwai wata kariya kuma wadda ido ba ya gani. Ƙananan jijiyoyin jini na cikin ƙwaƙwalwa suna da bango mai matsi sosai. Bangon yana barin abinci da iska su shiga, amma yana tare ƙwayoyin cuta da yawa, da dafi iri iri. Mu kira shi dangar ƙwaƙwalwa. Ko fararen ƙwayoyin jini, waɗanda suke yaƙi da cuta a sauran jiki, ba su cika ƙetare wannan danga ba in mutum yana lafiya.

Su wane ne masu gadi?

Jikinmu duka an gina shi da ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ƙanana ne ƙwarai, sai da madubin ƙara girma, wato mikroskop, ake ganinsu.

Cikin ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin da suke kai saƙo sunansu nuron. Yawansu ya kai wajen miliyar 86, wato ya ninka yawan mutanen duniya sau goma. Kowane nuron yana da ƴan zaruruwa da suke haɗa shi da ƴan uwansa. Ta cikin waɗannan zaruruwa saƙo yake gudu.

Amma nuron ba su kaɗai ne a gidan ba. Akwai waɗansu ƙwayoyi da suke yi masu hidima. Daga cikinsu akwai mafi ƙanƙanta, ana ce masu mikrogiliya. Su ne masu gadin ƙwaƙwalwa. Cikin kowane ƙwayoyi 10 na ƙwaƙwalwa, kusan 1 mai gadi ne. In aka jera jikin guda 100, tsawonsu ba zai wuce milimita 1 ba.

Mai gadi yana da ɗan ƙaramin jiki da hannuwa sirara masu yawa, kamar rassan ƙaya. Ƴan uwan fararen ƙwayoyin jini ne, amma ba cikin jini suke zaune ba. Tun jariri yana cikin uwarsa, a makonnin farko, suke shiga ƙwaƙwalwa. A nan suke zama, a nan suke haihuwar na bayansu, har ƙarshen ran mutum.

Yadda aka gano su

Wani likita ɗan ƙasar Sipaniya ne ya bayyana su a shekara ta 1919, a birnin Madrid. Sunansa Pío del Río Hortega. Ya haɗa wani rini da sinadarin azurfa. In ya yanka ƙwaƙwalwar dabba siriri, ya tsoma ta cikin rinin, sai waɗannan ƴan ƙwayoyi su fito baƙaƙe, a gan su sarai. Shi ne ya raɗa masu suna. Ya kuma lura cewa kusa da rauni sukan sake siffa, su kumbura, su haɗiye tarkace.

Shekaru da yawa masana suna zaton masu gadi kwance suke, sai rauni ya zo su farka. A shekara ta 2005 aka gane ba haka ba ne. Masana a Jamus da a Amurka suka kalli ƙwaƙwalwar ɓeraye masu rai da wani sabon mikroskop. Suka ga jikin mai gadi yana wuri ɗaya, amma hannuwansa ba su tsayawa. Su miƙe, su taɓa nan, su koma, su taɓa can, dare da rana. Kowane mai gadi da unguwarsa. Cikin ƴan awoyi, sun lalube ƙwaƙwalwa duka, sa'an nan su sake.

Ko babu rauni suna da aiki. Suna share ƙwayoyin da suka mutu. Suna yanke mahaɗan nuron da ba a amfani da su, kamar yadda manomi yake cira a gonar hatsi don sauran su yi ƙarfi.

Rauni na farko

Yanzu mu koma wajen yaron da ya faɗo. Lokacin da kansa ya bugi ƙasa, ƙoƙon kai ya tsaya nan take. Amma ƙwaƙwalwa ba ta tsaya ba, ta ci gaba, ta bugi ƙashi daga ciki. Wani lokaci takan koma baya ta bugi ɗaya gefen kuma. Waɗansu nuron suka fashe. Waɗansu zaruruwa suka miƙe fiye da kima, suka lalace. Waɗansu ƙananan jijiyoyin jini suka tsage. Danga ta ɓalle a wurin.

Wannan shi ne rauni na farko. Kafin ƙiftawar ido ya riga ya faru. Ana iya samunsa ko da fatar kai ba ta yanke ba, ko da ƙashi bai tsage ba.

Masu gadi sun taso

Cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani sinadari da yake ba ta ƙarfin aiki, ana ce masa ATP. In ƙwaya ta fashe, sai ya zube waje. Masu gadi suna jin ƙanshinsa, kamar yadda tururuwa take jin sukari. Wannan ita ce kururuwar da take kiransu.

Masanan Amurka da muka ambata sun yi ma ɓera ɗan ƙaramin rauni a ƙwaƙwalwa, suka zuba ido. Cikin ƴan mintoci, masu gadin da suke kusa suka miƙo hannuwa wajen raunin. Kafin rabin awa, hannuwan sun haɗu, sun kewaye wurin, sun raba shi da sashe mai lafiya.

Daga nan aiki iri uku yake biyowa.

Na ɗaya, shara. Masu gadi suna janye hannuwansu, su dunƙule, su rarrafa zuwa wurin. Suna haɗiye matattun ƙwayoyi da jinin da ya zube. In aka bar wannan tarkace, zai zama dafi ga nuron masu rai.

Na biyu, kiran gudummawa. Masu gadi suna fitar da sinadaran saƙo. Da yake danga ta ɓalle, fararen ƙwayoyin jini suna samun hanyar shiga. Na farko suna isowa cikin ƴan awoyi. Waɗansu manya, masu haɗiye tarkace, suna biyo baya cikin ƴan kwanaki.

Na uku, gyara. Masu gadi suna fitar da sinadaran da suke taimakon nuron da suka ji ciwo su farfaɗo. Waɗansu ƙwayoyi masu siffar tauraro, ana ce masu astrosit, suna jeruwa kewaye da raunin. Cikin mako ɗaya ko biyu sun yi masa tabo, sun taimaka an toshe danga.

Duk wannan aiki na alheri ne. In babu shi, rauni ba ya tsabtacewa.

Rauni na biyu

Kun taɓa ganin ana ƙona sassabe kafin damina. Wuta tana cinye ƙaya da tushiya, gona ta yi fes. Amma in iska ta taso, wutar nan za ta iya tsallakewa ta kama rumbu. Aikin masu gadi haka yake.

Makaman da suke amfani da su masu zafi ne. An yi su don kashe ƙwayoyin cuta. In suka yi yawa, suna ƙona nuron masu lafiya da suke kusa. Suna ƙara buɗe danga, ruwa ya fita daga jini ya shiga ƙwaƙwalwa. Sai ƙwaƙwalwa ta kumbura.

In ka yi tuntuɓe, yatsanka ya kumbura, ba kome, akwai wurin da zai kumbura. Ƙwaƙwalwa kuwa tana cikin akwatin ƙashi, ba shi miƙewa. In ta kumbura sai ta matse kanta. Jijiyoyin jini su matsu, jini ya ragu, iska ta ragu. Nuron ba su jure rashin iska. Ƴan mintoci kaɗan sun isa su fara mutuwa. Kowane nuron da ya mutu kuma, yana ƙara kiran masu gadi.

Wannan shi ne rauni na biyu. Ba ya zuwa nan take. A hankali yake tasowa, cikin awoyi da kwanaki. Sau da yawa kumburin kwana na biyu ko na uku ya fi na ranar farko. Akwai wani haɗari kuma mai zuwa daga baya: jijiyar da ta tsage tana iya yin ta zubar da jini kaɗan kaɗan cikin kai, jinin ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. Ga amsar tambayarmu ke nan. Yaron ya tashi garau da rana don rauni na biyu bai riga ya taso ba.

Gadin da ya ƙi ƙarewa

Ga yawancin mutane, in bugun bai yi tsanani ba, masu gadi suna gama aiki su kwantar da hankali. Su sake miƙe hannuwansu, su koma sintiri. Mutum ya warke cikin ƴan kwanaki ko ƴan makonni.

Amma ga waɗansu, masu gadi ba su sauka daga fushi. A shekara ta 2011, likitoci a birnin Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 10 da suka taɓa jin babban rauni a kai. Suka tarar masu gadi suna nan a tashe can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa, har bayan shekara 17 da yin haɗarin. A shekara ta 2013, waɗansu masana suka duba ƙwaƙwalwar mutanen da suka rayu fiye da shekara ɗaya bayan rauni, kafin su rasu. Cikin kowane mutum 4, fiye da 1 yana da wannan alama.

Irin wannan wuta mai ci a ɓoye tana tafiya tare da lalacewar zaruruwan nuron. Shi ya sa masana suke binciken alaƙarta da mantuwa, da nauyin tunani, da saurin fushi da ake gani ga waɗansu bayan sun ji rauni a kai. Wanda ya sha bugu a kai sau da yawa, kamar ɗan dambe, ya fi shiga haɗari.

A kashe wutar gaba ɗaya?

Wani cikinku zai ce: to, a ba majinyaci maganin da zai hana masu gadi aiki mana! Likitoci ma sun yi wannan tunani. Shekaru da yawa ana ba masu raunin kai wani magani mai ƙarfi mai kwantar da kumburi, ana ce masa kortikoyid. Daga baya aka gwada shi sosai, a kan mutum fiye da 10.000, cikin ƙasashe 49. An raba su kashi biyu: kashi ɗaya an ba su maganin, ɗaya ba a ba su ba. Sakamako ya fito a shekara ta 2004. Cikin mako biyu, mutum 21 cikin 100 suka rasu a kashin da aka ba magani. A ɗaya kashin, mutum 18 cikin 100 ne. Ashe maganin ƙara ɓarna yake yi. Daga nan aka bar ba da shi don raunin kai.

A shekara ta 2020 aka yi wani gwaji dabam a kan ɓeraye, a Amurka da a Ostiraliya. Aka ba ɓerayen da suka ji rauni wani magani da ya kawar da tsofaffin masu gadi. Sa'an nan aka tsai da maganin, sababbi suka tsiro suka cike wurin. Ɓerayen da suka sami sababbin masu gadi sun fi sauran koyon hanya da tuna ta. A dabbobi aka yi wannan, bai zama maganin mutane ba tukuna.

Darasin da masana suka ɗauka shi ne: masu gadi ba abokan gaba ba ne. Abin da ake nema, su yi aikinsu a kan lokaci, su kuma tsaya a kan lokaci.

Abin da ya kamata mu yi

Rauni na farko, likita ba shi iya mai da shi baya. Sai dai mu hana shi faruwa. Rigakafi ya fi magani. Duk mai hawa moto, da mai tuƙi da wanda aka ɗauka, ya sa hular kwano, ya ɗaura igiyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular da aka sa daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Kada mu ɗafe bayan mota ko amalanke. Kada mu yi wasan jifa da dutse. Kada a jijjiga jariri da ƙarfi, kada a bugi yaro a kai.

Rauni na biyu kuwa, ana iya rage shi in an yi hanzari. In ɗan uwanku ya bugu a kai, ku gaya ma babba nan da nan, ko da kuna tsoron faɗa. A sa masa ido kwana biyu. A kai shi asibiti ba tare da jira ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu:

1. Ya suma, ko da na ɗan lokaci ne.
2. Yana ta amai.
3. Ciwon kai yana ƙaruwa.
4. Barci ya yi masa nauyi, da ƙyar ake tada shi.
5. Ya ruɗe, yana sambatu, ko bai gane mutane ba.
6. Jikinsa yana fizga.
7. Hannu ko ƙafa sun yi sanyi, ba su da ƙarfi.
8. Jini ko ruwa garau yana fita ta kunne ko ta hanci.
9. Ɗan baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma.

In ya suma, kada a ɗaga shi da garaje, kada a lanƙwasa wuyansa, don wuya ma yana iya jin rauni. Kada a ɗura masa ruwa ko fura. In zai yi amai, a juya shi a gefe, kai da wuya da jiki su juya tare. In jini yana zuba, a rufe wurin da tsumma mai tsabta. Kada a sa ƙasa ko toka. Kada a ba shi asfirin, don tana ƙara zubar jini.

Bayan haka sai hutu. Kwana ɗaya ko biyu na farko ya huta sosai. Sa'an nan ya koma karatu kaɗan kaɗan. Ba ƙwallo, ba kokowa, ba langa, ba hawan icce, sai likita ya yarda. Dalili kuwa, masu gadi ba su gama aiki ba. In bugu na biyu ya zo kafin na farko ya warke, ɓarnar takan fi ta farko yawa.

Yaron mangwaro ya koma lakwal bayan mako biyu. Ya yi wata guda yana kallon ƙwallo daga bakin fili. Yanzu ya warke sarai. Yayarsa da ta faɗi abin da ta gani, ita ce ta fara ceton sa.

Mu tuna

Ƙwaƙwalwa tana da masu gadi nata, sunansu mikrogiliya. In kai ya bugu, suna kewaye rauni, su share shi, su taimaka a gyara. In aikinsu ya wuce kima, yana ƙara kumburi da ɓarna. Ciwon raunin kai yana iya tasowa bayan awoyi ko kwanaki.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ne suke kare ƙwaƙwalwa?
2. Wa ya bayyana masu gadin ƙwaƙwalwa? A wace shekara?
3. Me yake kiran masu gadi zuwa wurin rauni?
4. Me ya bambanta rauni na farko da na biyu?
5. Don me kumburin ƙwaƙwalwa ya fi kumburin yatsa haɗari?
6. Ku faɗi alamu 5 da za su sa a kai mutum asibiti.
7. Don me ba a komawa ƙwallo da wuri bayan bugun kai?

Aiki

Ku sami gwangwani biyu masu marfi, da tumatir nunanne guda biyu. Ku sa tumatir ɗaya cikin gwangwani na farko, ba ruwa. Ku sa ɗaya cikin na biyu, ku cika shi da ruwa. Ku rufe su, ku girgiza kowane sau 20 da ƙarfi iri ɗaya. Ku buɗe ku duba. Wane tumatir ya fi lalacewa? Gwangwanin ya fashe? Ku rubuta abin da kuka gani cikin kayenku, ku kwatanta shi da ƙoƙon kai da ruwan ƙwaƙwalwa.